Na ce sati biyu zan yi, ga ni a wata na biyar a gidan kawu

Assalamu alaikum Inna. Ina gaisuwa da fatan kina lafiya ke da iyali. Ni ɗanki ne daga wani ƙauye a ƙasar Dungas, shekarata 27, ina da mata da ɗa guda. Na yi shekara 2 a Tamanraset ina aikin gini, na dawo da abin da Allah ya hore. Wani mutum a nan Damagaram ya ce zai samo mini bizar aiki a Saudiyya. Na ba shi jika 700, wato sefa dubu 700, da fasfona, ya ce in zauna kusa, cikin sati biyu za a kira ni mu wuce Kano mu hau jirgi. Na yi sallama da mutanen garinmu, har addu'a aka yi mini a masallaci, na zo na sauka gidan kawuna, wan mahaifiyata, a Sabon Gari. Aka ba ni ɗakin samarin gidan. Da sanyi na zo, yanzu ga hadari ya fara haɗowa, kullum mutumin sai ya ce sati mai zuwa.

Kawu bai taɓa nuna mini komai ba. Amma matarsa, wadda da farko har ƙwai take soya mini, yanzu gaisuwa ma da ƙyar take amsawa. Kwanon tuwona ya ragu. Rannan na fito wanka na ji tana ce wa babbar 'yarta wai ruwan gidan nan ba daga sama yake zubowa ba. Jika 300 da na rage na guzuri sun koma 120. Abokaina na fada, inda muke zaman shayi, suna cewa in haƙura da Saudiyya in bi ta Agadas in shiga Libiya. Gida kuwa kunya ba za ta bar ni in koma ba. Inna, yaya zan yi? Kuma don Allah, abin da matar kawu take yi mini ba cin zumunci ba ne?

Ɗanki, daga Sabon Gari.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya raya maka yaron.

Tambaya biyu ka yi, amma na lura ta ƙarshen ce ta fi ci maka rai, don haka da ita zan fara. A'a, matar kawunka ba ta ci zumunci ba. Da ta yi niyyar ci, da ba ka ga wata na biyu a gidan ba. Mace in ta ƙi baƙo ba sai ta ce uffan ba, shi da kansa zai naɗe tabarmarsa.

Ka ce da sanyi ka zo. Ke nan bazara dungurungum a gidan ka yi ta. Ku a ƙauye rijiya ce, ko da nisa dai kowa ya san inda guga take. Bari in gaya maka abin da bazara take nufi ga matar aure a Damagaram. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza da Ganaram. Kukan ba na yau ba ne, ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka mai da shi Yamai a 1926. In zafi ya kai zafi, akwai unguwannin da famfo sai tsakar dare yake yin tari ya kawo, in ma ya ga dama. Matar da ka ce ta daina sakar maka fuska, ina kyautata zaton ita ce take tashi ƙarfe 2 ko 3 na dare ta jera jarkoki, ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana gyangyaɗi, kunnenta na kan ƙarar ruwa a cikin roba don kada ya cika ya zube. Ran da bai zo ba, da safe sai 'yan garuwa, kuma kuɗin daga cikin na cefane yake fita, don kawunka abin da ya saba ajiyewa shi yake ajiyewa. Sai ga ƙato ya tashi da hantsi, ya sunkuci bokiti cike fal ya shige bayi. Kai wanka ka yi. Ita barcinta ta gani yana bin rariya.

Maganar da ta yi wa 'yarta kuwa, ai ba da 'yar take ba, kai ma ka sani. Ta zaɓi hanyar da za ka ji ba tare da ta dubi idonka ba. A wurinmu wannan kara ce. Ba na cewa habaici abin yabo ne, da ni ce da na kira ka gefe. Amma macen da ta yi wata huɗu kafin ta yi habaici guda, ba a kiranta maras zumunci.

Haka batun tuwo. Kowace uwargida tana da awonta, tiya kaza da rana, kaza da dare. Hatsin da kawunka ya saya da kaka, an yi lissafin zai kai su sabon hatsi, kuma ba a yi lissafin da bakinka ba. Yanzu kuwa lokacin da hatsi yake tashi ne, je ka kasuwar Dole ka tambayi tiya ka ji. Kafin ka sake auna kwanonka da ido, leƙa na yaran.

Akwai kuma abin da ba ka ambata ba, watakila don bai zo maka a rai ba. 'Ya'yan kawu ba muharramanka ba ne, aure ya halatta tsakaninku. Tunda akwai budurwa a gidan, wata biyar ke nan tana yawo da hijabi a tsakar gidan ubanta cikin zafin da ko ɗan kwali nauyi yake yi. Daren da kowa yake fito da tabarma waje ya sha iska, su sai sun duba ko ka shigo. Samarin da aka ba ka ɗakinsu kuma, ina suke kwana? Ka taɓa tambaya? Maƙwabta ma ba su yi shiru ba, na tabbata an riga an fara raɗa cewa ko ɗan ƙanwar maigida ya zo neman auren gida ne. Duk wannan uwar ce take ɗauka, kawu yana fita da safe ya dawo da dare ya tarar da komai lafiya.

Na sauki baƙi a gidan aurena iya saukewa. Akwai wani ɗan uwan maigidana da ya yi wata bakwai a wurinmu yana jiran tafiya. Ban taɓa tashi na tarar da randa babu ruwa ba, kafin assalatu ya cika ta. In ya ga itace ya faskara, in yaro ba lafiya shi ne mai goya shi zuwa likita. Ran da zai tafi sai da na yi hawaye. Wani kuma kwana ashirin kacal ya yi, amma har yau in na tuna shi sai in ji bayana yana ciwo. Ba mugu ba ne, yana da fara'a, yana gaisuwa. Kawai dai ya zauna ne ana kawo masa.

Yanzu bari in yi maka tambayar da malamai za su yi maka: sallarka, ƙasaru kake yi ko cikawa? Na san cikawa kake yi, domin a mazhabar Malikiyya da muke bi, matafiyi in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, ya fita daga hukuncin tafiya, sai ya cika sallarsa kamar kowane ɗan gari. To ka ga a gaban Allah ka daɗe da zama mazauni, amma a gaban tukunya har yanzu ƙasaru kake yi. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya yanka wa baƙunci kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ce daga mai gida, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Mutane sun fi riƙe rabin farko, na girmama baƙo. Rabin ƙarshen naka ne. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, raɓa kuwa ba ta kai hantsi.

Kada ka ji kamar a kanka aka fara. Damagaram garin jira ne tun fil azal. Unguwar Zango ba don ado aka sa mata sunan ba, nan ayarin da ke tsakanin Kano da Agadas har zuwa Turabulus yake sauke kaya, raƙuma su huta, a jira lokacin tashi. Ko Baturen nan Bajamushe, Bart, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso nan a ƙarshen 1852 ya yi fiye da wata guda yana jiran kuɗi da kayan da zai ci gaba da tafiya da su, sai a farkon 1853 ya kama hanyar Katsina da Sakkwato zuwa Tumbuktu. Amma fatake suna da ƙa'ida. Mai masauki yana ba da ɗaki da abinci, yana kuma samun la'adarsa a cinikin da aka yi ta hannunsa, kowa ya san abin da ke kansa. Ga kuma madugu, wanda in ya ce ranar kaza za a ɗaura kaya, to ranar za a ɗaura. Kai ba la'ada, ba madugu. Madugunka shi ne mai cewa sati mai zuwa. Kuma ka san labarin kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, suka ce bari su ɗan yi zango a Sudan su nemi guzuri. Jikokinsu suna can har gobe.

Don haka abu na farko, ka sa wa zamanka rana, kai da kanka, ba mutumin biza ba. Ka sami kawu shi kaɗai, bayan isha ko in kun fito sallar asuba, ba a gaban iyali ba. Kada ka tambaye shi ko ka dame su. Wannan ba tambaya ba ce, tarko ne, don ba abin da zai ce sai "haba, ai gidanka ne", kai kuma ka samu abin fakewa na wani wata biyun. Wan mahaifiyarka ne, ko gidan zai kama da wuta ba zai ce ka tafi ba, yana jin nauyin ƙanwarsa. Kuma kada ka kai masa ƙarar matarsa, ko da wasa. Ka shigo ka tarar da aurensu lafiya, ka fita ka bar shi lafiya. Abin da za ka ce kaɗan ne: "Kawu, na zo da niyyar sati biyu, ga shi Allah ya yi na kai wata biyar, kun ɗauki nauyina, Allah ya saka. Na yanke nan da kwana goma sha biyar, in biza ta fito in wuce, in ba ta fito ba in koma gida in yi noma in jira a can. Ina roƙon ka raka ni wurin mutumin nan." Zai ce maka wane irin gaggawa ne wannan. Ka yi godiya, kada ka janye ranar. Za ka ga yadda gidan zai canza cikin kwana biyu, don nauyin da aka san ranar sauke shi ba ya karya wuya.

Cikin kwanakin da suka rage, ka daina zama baƙo. Kada ka miƙa wa kawu kuɗi a hannu, zai ƙi karɓa, watakila ma ya ji ka raina shi. Kaya ake saya. Ka ɗauki ruwan gidan gaba ɗaya a kanka, ko ka biya 'yan garuwa ko ka zama kai ne mai tashin dare. Ka sayi hatsi gwargwadon ƙarfinka, da ɗan mai da sabulu, ka sa a kai cikin gida, ka bi bayansa ka durƙusa ka gai da matar kawu, ko Inna kake ce mata ko Tanti, ka ce ga wannan a ƙara, a yi haƙuri da ɗawainiya. Kada ka yi dogon bayani, kada ka jira godiya. Mai yiwuwa ta amsa a daƙile ranar farko. Kunya ce, ta san ka ji maganar ruwa.

Sannan kai magini ne, ko aƙalla ka shekara biyu kana cuɗa siminti a ƙasar mutane. Damina tana bakin ƙofa. Ka zaga gidan kawunka da idon ma'aikaci: ina katanga ta tsage, ina rufi yake yoyo, indararo ya toshe ko bai toshe ba, ina ruwa yake kwanciya a tsakar gida. Aikin kwana uku ne a wurinka, shi kuwa da sai ya biya wani. Abin ya ba ni mamaki a ce mai sana'a a hannu ya yi wata biyar a garin da ake gini ta ko'ina bai taɓa zuwa ya tsaya bakin wani aiki da safe ya ce a gwada shi ba. Na san dalili, kana ganin kai mai tafiya ne, gobe ko jibi za a kira ka, bai kamata ka ɓata kayanka da ƙasa ba. Wannan tunanin shi ya ci maka jika 180.

Mu yi lissafin tare. Jika 180 a wata biyar, ya haura jika guda kowace rana. Ba ka biyan haya, ba ka sayen abinci, a wasiƙarka kuma ban ga inda ka ce ka kai wani abu cikin gida ko ka aika wa matarka ba. To ina suka shiga? Ni zan gaya maka: ganyen shayi da sukari da gawayi, kiredin waya, kabu-kabu zuwa wurin mai biza da dawowa, ɗan tsire da dare, da "ranta mini zuwa gobe". A fada wanda ya dawo daga Aljeriya shi ne mai sayen sukari, har ran da aljihunsa zai yi ƙasa a samu wani sabon dawowa. Ban hana ka zama da abokai ba, zaman kaɗaici ma ciwo ne. Amma abin da ya rage ka cire na hatsi da ruwa da kuɗin mota, sauran ka damƙa wa kawu ajiya, ko ka tura wa mahaifiyarka ta Nita ko Amana tun yau. Kuɗin da ke aljihun mai jira ba ya kwana.

Sai mutumin biza. Ban san shi ba, ba zan kira shi ɓarawo ba, akwai masu wannan harka da gaskiya kuma takardu sukan yi jinkiri. Amma jinkirin gaskiya yana da alama, akwai abin da za a nuna maka. Bizar aiki a Saudiyya ba daga iska take faɗowa ba. Akwai kafili, mutum ko kamfani, wanda ya nemi ma'aikaci. Akwai takardar yarjejeniya mai ɗauke da irin aikin da albashi da tsawon lokaci. Akwai gwajin lafiya da ake yi wa mai tafiya kafin a buga biza. A wata biyar ɗin nan, an kai ka gwajin lafiya? Ka ga sunan kafilinka a rubuce? Ka san aikin da za ka je yi, ko dai "aiki" kawai aka ce maka? In amsar duka a'a ce, to ba jinkiri ake yi ba, ba a fara ba.

Ku je da kawu, da wani dattijo na uku in zai samu. Ba faɗa za ku je yi ba. A nemi ya nuna inda maganar ta tsaya, a takarda, ba da baki ba. A rubuta jika 700 ɗin da ya karɓa, da ranar da ya karɓa, da ranar da zai mayar in tafiya ba ta yiwu ba, ya sa hannu shaidu su sa. In ya ce ai amana ce tsakaninku ba sai an rubuta ba, kawu ya tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Fasfonka kuma ya dawo hannunka ranar, sai in ya nuna takamaiman inda aka shigar da shi. Fasfo ba jingina ba ne. In ya dawo ka duba ranar mutuwarsa, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai da sauran wata 6 a gaba. Kana iya kuma leƙawa ofishin ANPE, hukumar da ke kula da harkar ɗaukar ma'aikata, ka tambaya ko sun san da mutumin da irin aikin da yake yi. In ya fara ɓuya ko ya kashe waya, a fara da mai unguwarsu, in abin ya ƙi sai kwamisariya. Kada ka yarda da "ƙaro jika hamsin a ƙarasa". Wanda bai nuna maka abin da 700 suka yi ba, hamsin ba za su sa ya nuna ba.

Wani abu guda ka buɗe kunne da shi sosai. In ya ga kun matsa, yana iya cewa ga bizar Umra ta samu, ka shiga da ita in ya so ka ɓace ka nemi aiki. Kada ka karɓa. Bizar Umra ba ta halatta aiki ba. Ran da wa'adinta ya cika ka zama mai laifi, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba asibitin da za ka shiga da gaba gaɗi, in wanda ka yi wa aiki ya hana ka haƙƙinka ba inda za ka kai ƙara. Ƙarshenta kamu da gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, a sako ka jirgi da kayan jikinka, a kuma hana ka komawa na wasu shekaru. Mun ga waɗanda suka dawo haka a unguwannin nan, ba labari aka ba mu ba.

Maganar Libiya ba zan ja ta ba, ka fi ni sanin sahara. Abin da zan ce kawai, masu ba ka shawarar suna zaune a kan benci ne a Damagaram. Mu nan ba mu manta Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawansu mutanen ƙasar Kance, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Kuma ka duba zuciyarka da kyau: Libiyar kake so, ko hanyar da ba ta bi ta garinku ba kake nema? Mai jika 120 da ba fasfo a hannu, in ya kama hanyar Tanut, ba tafiya ya yi ba, gudu ya yi.

Nan ne ainihin ciwon, ɗana. Ba biza ce ta zaunar da kai a Sabon Gari ba. Waya tana shiga ƙasar Dungas, in ma sai an hau tudu ne, kuma daga can zuwa Kano ba ta fi daga nan nisa ba. In yau aka ce biza ta fito, kwana guda ya ishe ka ka iso duk inda aka ce. Abin da ya zaunar da kai addu'ar nan ce da aka yi maka a masallaci. Kana ganin an riga an shafa fatiha, an ce Allah ya kiyaye hanya, yaya za a yi a gan ka gobe kana saukowa daga motar kasuwa da jakar da ka tafi da ita. Za a yi magana, ba zan ruɗe ka ba. Wani zai ce "Alhaji, an dawo?", yara su yi dariya. Sati guda za a yi ana yi, sai saniyar wani ta ɓata ko a sa ranar auren wata, a manta da kai. Amma kana tsammani yanzu ba a magana? Garinku sun san ba ka Makka. Duk mai zuwa kasuwa Damagaram ya koma ya ce ya gan ka a fada. Kunyar da kake gudu ta riga ka isa gida, matarka ce take amsa ta a bakin rijiya kowace safiya, ita kaɗai.

Ita ma ba ka ce komai a kanta ba sai cewa tana nan. Shekara biyu kana Tamanraset, ka dawo ka ɗan taɓa zama, ka sake fita. Wata biyar kana wurin da mota take zuwa a yini guda ba ka je ka ga ɗanka ba. Wa yake ci da su? In mahaifinka ne ko 'yan uwanka, to gida biyu ke nan suke ɗauke da kai, na kawu da naku. Mahaifiyarka kuma ba za ta faɗa maka ba, amma zumuncin da kake ci a gidan nan nata ne. Ita za ta haɗu da matar wanta a biki da suna har ƙarshen rayuwa, ita za a yi wa kallon "ɗanki ya cinye mu". Kira ta kafin ka yi magana da kawu, ka gaya mata abin da ka yanke. Ina jin za ka ji ta sauke ajiyar zuciya.

In ka koma, ba sai ka tara mutane ka yi bayani ba. Duk wanda ya tambaya, takardu ba su kammala ba, na zo in yi noma kafin su fito. Gaskiya ce, kuma ta isa. Ka kama gonar tun ruwan shuka bai wuce ka ba, don wanda ya rasa shukar farko a ƙasarmu ya san abin da ya rasa. In tafiyar alheri ce za ta same ka a kan kunya kana noma. In kuɗin ne za su dawo, kawu yana nan kusa da mutumin, ga takarda a hannunsa, ya fi ka bakin karɓa.

Ran da za ka tashi, ka share ɗakin samarin nan, ka wanke musu shimfiɗa, ka ɗan sa musu wani abu a hannu. Ka sayi turmin atamfa daidai ƙarfinka ka ba matar kawu, ka nemi gafararta a gaban mijinta, ko kana ganin ba ka yi mata komai ba. In an kira ka tafiya daga baya kuma dole ka kwana a Damagaram, ka buga waya tukuna, ka faɗi kwana nawa, ka zo da ɗan wake ko gyaɗa daga gona. Alkaki kuma kada ka manta ka saya wa matarka kafin ka shiga tasha, ba a dawowa daga Damagaram hannu rabbana.

Ka rubuto mini bayan kun je wurin mutumin, ina son in ji ko fasfon ya fito.

Innarku.